Rijiyar da aka gina, garin da ya watse

Makonni biyu da suka wuce na je gaishe da wani kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda yau shekara uku ke nan yana zaune a wani kango a bayan gari, shi da matansa biyu da 'ya'ya da jikoki. Kafin wannan zama, mutum ne da ba a taɓa jin ya sayi hatsi ba. A shekarar da damina ta yi kyau yakan ɗaure dami ɗari biyu na gero da dawa, ban da wake da gyaɗa, kuma gidansa ne masaukin duk baƙon da dare ya yi wa a ƙauyensu. Yanzu awo yake yi da kwano, wata rana ma da rabin kwano. Muna cikin hira sai na tambaye shi labarin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da aka haƙa musu, wadda na tuna an buɗe ta da kaɗe-kaɗe da jawabai. Ya yi murmushi irin na wanda abin duniya ya daina ba shi mamaki, ya ce: "Ai tana nan, ɗana. Har ɗakin shan maganin da aka shafa wa fenti yana nan. Mu ne dai ba ma nan. Waɗanda suka tashe mu su ke shayar da shanu a wurin, shanun ma rabinsu namu ne."

Tun ranar maganar nan take yi mini yawo a rai, ita ce kuma ta sa na ajiye batun da na yi niyyar kawowa a wannan fili a makon nan. An kashe kuɗi an haƙa rijiya, an rubuta ta a jerin ayyukan da aka kammala, wataƙila ma har yau ana ƙidaya ta cikin nasarori. Wanda ya tsara aikin bai yi ƙarya ba, ruwa na fita. Abin da bai shiga lissafinsa ba shi ne rigimar da ta riga ta fara tsima a yankin shekaru kafin zuwan injin haƙa: burtalin da aka nome, sanuwar da aka kama aka ci tarar mai ita fiye da ƙima, ɗan da aka kashe a kasuwa ba a hukunta kowa ba. Wannan duka, a tsarin ofisoshinmu, aikin wasu ne daban. Fayil ɗin tsaro yana wajen soja da 'yan sanda, na raya karkara yana wata ma'aikata, na shari'a yana wata, kuma sau da yawa masu riƙe da su ba sa haɗuwa sai a wajen ta'aziyya.

Duniya ta daɗe da gane cewa wannan rabon aiki ba ya haifar da ɗa mai ido. A rahotonsa na shekarar 2011 kan rikici da tsaro da ci gaba, Bankin Duniya ya bayyana cewa har zuwa lokacin babu wata matalauciyar ƙasa mai fama da rikici da ta cim ma ko da guda ɗaya daga cikin muradun ƙarni da aka gindaya a shekarar 2000. Rahoton ya kuma ƙiyasta cewa yaƙin basasa guda yakan cinye wa matsakaiciyar ƙasa mai tasowa abin da ya kai bunƙasar tattalin arzikin shekara 30. Wannan darasi na daga cikin dalilan da suka sa, lokacin da ƙasashe 193 suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a watan Satumban 2015, aka keɓe na 16 ga zaman lafiya da adalci da hukumomi masu nagarta. Waɗanda suka rubuta shi sun yarda cewa maganar kawar da yunwa da ilmantar da yara da samar da ruwan sha ba za ta tsaya da ƙafarta ba a garin da mutane ke kwana da takalmi a ƙafa.

Mu a nan ba ma buƙatar a kawo mana hujja daga nesa. Binciken haɗin gwiwa da Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi a 2016 ya ƙiyasta ɓarnar da rikicin Boko Haram ya yi a Arewa maso Gabas da kusan Dala biliyan 9, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na ɓarnar a Jihar Borno take. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne rahoton da hukumar UNDP ta fitar a 2021, wanda ya ce zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya yi sanadin mutuwar kusan mutum 350,000 a Borno da Yobe da Adamawa. Waɗanda harsashi ko bam ya kashe kai tsaye kimanin kashi ɗaya ne cikin goma. Sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti da gurɓataccen ruwa suka ɗauke su, mafi yawansu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ashe dai babban makamin yaƙi shi ne gonar da aka hana nomawa da asibitin da ma'aikacinsa ya gudu. Mu tuna kuma da cutar shan-inna. Najeriya ta yi shekara biyu cur ba a ga sabon kamu ba, har an fara shirin murna, sai ga ta ta ɓulla a Borno a watan Agustan 2016, a cikin yaran da suka fito daga yankunan da masu rigakafi suka kasa shiga. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da cutar. Rikicin wasu ƙananan hukumomi ya jinkirta nasarar nahiya guda.

Wannan ɓangare na maganar kowa ya yarda da shi: fitina tana cinye arziki. Ɗaya ɓangaren ne shugabanni ba su cika son ji ba, wato cewa aikin raya ƙasa shi ma yana iya haifar da fitina idan aka yi shi a kan wuyan mutane. Dattawan ƙasar Sakkwato da Zamfara ba su manta da Bakolori ba. An gina madatsar ruwan a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka kammala ta a 1978, da niyyar noman rani na zamani a dubban hektoci. Manufar ba ta da aibi. To amma an tashi kimanin mutum 13,000 daga garuruwansu da gonakinsu na fadama, aka kai su tudu mara albarka, diyya ta yi ta jan ƙafa, waɗanda aka karɓi gonakinsu domin a daidaita ƙasa suka yi damina bayan damina ba su shuka ba. Da manoma suka gaji da kai kuka, sai suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙona gidaje, rayuka da dama suka salwanta. Can ƙasa da madatsar kuma, manoman shinkafa da masunta da suka dogara da ambaliyar shekara-shekara suka wayi gari ruwan da ke cika fadamunsu ya ragu, ba tare da wani ya taɓa tambayarsu ba.

Makamancin haka ya faru a gabashinmu. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992 sun ba Kano ruwan sha da noman rani, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. Sai dai sun sauya yadda ruwa ke sauka zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, inda manomi da masunci da makiyayi suka daɗe suna karɓa-karɓa a fili guda: ruwa ya zo a kama kifi, ya janye a shuka, a girbe a saki dabbobi. Da tsarin ambaliyar ya rikice, kachala ta toshe magudanai, filin da ya ishi mutum uku a lokuta uku ya koma abin da ukun ke nema a lokaci guda. Wanda ya ga rigimar manoma da makiyaya a wannan yanki ya ce ƙabilanci ne kawai, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. Mozambik ta kawo ƙarshen yaƙin basasarta da yarjejeniyar Rum a 1992, ta yi shekaru ana buga misali da bunƙasar tattalin arzikinta. A 2010 aka gano ɗimbin iskar gas a tekun da ke gaɓar lardin Cabo Delgado, ɗaya daga cikin lardunan da suka fi talauci a ƙasar. Kamfanoni suka shigo, aka tashi masunta da manoma daga wasu wurare, ayyuka masu tsoka suka tafi ga baƙi da mutanen kudu, matasan yankin suna kallo. A watan Oktoban 2017 masu tayar da ƙayar baya suka kai harin farko a garin Mocímboa da Praia. Bayan harin Palma na watan Maris ɗin 2021, kamfanin TotalEnergies ya dakatar da aikinsa na kimanin Dala biliyan 20. Ba na cewa gas ne ya ƙirƙiri aƙidar masu kisan, aƙidar tana da nata tushen. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma matashin da ya ga arziki na fita ta ƙofar gidansu ba a ko gaishe shi ba, bango ne tsagagge.

Akwai kuskure na uku, wanda shi ne ya fi yawa a wajenmu a 'yan shekarun nan, wato sayen shiru a kira shi zaman lafiya. Afuwar da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 ta yi amfani: an ajiye makamai, haƙar mai ta farfaɗo, kimanin mutum 30,000 suka shiga shirin, ana biyan alawus na Naira 65,000 a wata. Amma ruwan da mai ya gurɓata yana nan yadda yake. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a rahotonta na 2011 tsabtace ƙasar Ogoni kaɗai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Da shekarar 2016 ta zo, sababbin ƙungiyoyi suka fasa bututai, haƙar mai ta sake faɗuwa, ƙasar ta shiga matsin tattalin arziki. An biya wanda ya ɗauki bindiga, an bar masuncin da bai ɗauka ba da kogin da babu kifi, kuma ƙannen masu karɓar alawus sun ga hanyar da ake bi a samu shiga.

A Arewa maso Yamma mun maimaita wannan karatu. An yi sulhu da 'yan bindiga a Katsina da Zamfara fiye da sau ɗaya, an ɗauki hotuna da bindigogin da aka miƙa, an saki fursunoni, an sami 'yan watanni na sauƙi, sannan abin ya dawo ya fi na da. Tsohon Gwamnan Katsina Aminu Bello Masari da bakinsa ya bayyana nadamar amincewa da su. Kwamitin da Gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda Mohammed Abubakar ya ba da rahoton cewa an kashe fiye da mutum 6,000 a jihar tsakanin 2011 da 2019, an kuma biya fiye da Naira biliyan 3 kuɗin fansa. Da sulhu ya ƙi, aka juya ga matsi: a watan Satumban 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi. Matakin ya takura 'yan bindiga na ɗan lokaci, ya kuma karya jarin mai sayar da ƙuli-ƙuli da dillalin awaki da ɗan acaɓa. A duka hanyoyin biyu, ta lallashi da ta matsi, ba a taɓa tushen ba: wa ke da wannan fili, ina dabba za ta bi ta sha ruwa, kuma idan an zalunci mutum ƙofar wa zai buga a saurare shi ba tare da ya sayar da sa ba?

Ina yaro na ga yadda ake amsa waɗannan tambayoyi. Bayan an kwashe amfanin gona, wani Ardo yakan sauka da garkensa a gonar kakanmu, shanu su ci kara su bar taki, kakanmu ya aika masa da dami, matansa su kawo mana nono da man shanu. Idan aka yi ɓarna, mai gari yakan tura Sarkin Noma da wakilin Ardo su je su gani da idonsu, su ƙiyasta, a biya kafin rana ta faɗi. Ba na cewa zamanin aljanna ne, an sha yin son kai, an sha danne mara galihu. Amma akwai ƙofar da aka sani, kuma tana kusa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar gandun kiwo a 1965, aka keɓe wurare fiye da 400 a faɗin ƙasar nan a tsawon shekaru, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a hukumance. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, kuma mun ga yadda aka yanka dazuzzuka da gandun kiwo aka raba wa masu hannu da shuni. Jama'a ta ninka, takin zamani ya rage wa manomi buƙatar garke, noman rani ya rufe bakin mashaya, ikon mai gari ya ragu, wanda ya maye gurbinsa kuma yana nesa kuma yana da tsada. Da ƙofar adalci ta rufe, manomi ya nemi ɗan sa-kai, makiyayi ya nemi bindiga, daga baya ɓarayin da ba su da gona ba su da garke suka ƙwace ragamar abin suka mayar da shi sana'a.

Maƙwabtanmu na Nijar sun taɓa tsayawa a bakin wannan rami. A watan Oktoban 1991, a Toda da ke jihar Maraɗi, rigimar ɓarnar gona ta kai ga kashe Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Abin ya girgiza ƙasar. A watan Maris ɗin 1993 aka kafa ginshiƙin kundin dokokin karkara, wanda ya tanadi kwamitocin kula da filaye tun daga matakin gunduma har zuwa ƙauye. A cikinsu akwai jami'an gwamnati da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Aikinsu shi ne su rubuta wa mutum shaidar gonarsa ko ta gado ce ko ta aro ko ta jingina, su shata burtali da wuraren kiwo da mashaya, a kafa musu alamun siminti da kowa ke gani. Kowace shekara hukuma tana zama da ɓangarorin a sanya ranar sakin gonaki, wadda daga ita dabbobi ke da izinin shiga. Idan aka yi ɓarna, ana fara kai magana gaban sarki domin sasantawa, a rubuta abin da aka cim ma, sai ta gagara a wuce kotu. A 2010 aka ƙara da dokar kiwo wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi.

A wannan yanki dai aka ga wani abin da ya ba masana mamaki. Tun daga 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara ƙarfafa wa manoman Maraɗi gwiwa su daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gonakinsu, su zaɓi rassa masu ƙarfi su rene su. Abin da ake kira sassaben zamani ke nan. Dabarar ba ta bazu sosai ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci tararsa ba idan ya sare reshe, kuma ƙauye ya kafa kwamitin da zai hana ɓarawon itace. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar ta wannan hanya. Gawo ya dawo gonaki, yana zubar da ganye da damina ya taki ƙasa, yana ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Mace ta sami itacen girki kusa da gida. A ƙauyukan da aka sa makiyaya cikin kwamitin, abin da a da ake faɗa a kansa ya zama abin da ake ciniki a kansa. Kowa ya kira wannan aikin muhalli ya yi daidai, wanda ya kira shi aikin sulhu shi ma bai yi kuskure ba.

Na san mai karatu zai ce: to ai Nijar ɗin ma ba ta tsira ba. Haka ne. Kwamitoci da yawa ba su da kuɗin aiki, wasu sarakunan suna sayar da filin kiwo, ana ci gaba da samun arangama, kuma yankunan Madarunfa da Gidan Rumji sun sha hare-haren 'yan bindiga, ga dubban 'yan gudun hijirar da suka tsallaka daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Wani kuma zai ce talauci da rashin fili ba su ne ke sa mutum ya sace ɗalibai a Ƙanƙara ko Jangebe ba, domin miliyoyin talakawa ba su taɓa ɗaukar makami ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma ina cikin masu cewa wanda ya mayar da satar mutane sana'a, hukuma ta fuskance shi da ƙarfin da doka ta ba ta. Babu mai shata burtali a dajin da ake harbi. Abin da nake cewa shi ne soja yana iya ƙwato gari, amma ba ya iya zaunar da shi. Idan ya janye aka koma ga filin da ba a san mai shi ba da alƙalin da ake saye, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya suka fitar tare a 2018 kan hanyoyin hana rikici ya nuna cewa wuraren da fitina ta fi tsirowa huɗu ne: rabon mulki, rabon ƙasa da albarkatunta, rabon ayyukan jin daɗin jama'a, da samun tsaro da adalci. Ba yawan talauci ne ya fi ingiza mutane ba, jin cewa an ware su ne, su da duk danginsu. Shi ya sa Kolambiya, da ta zo kawo ƙarshen yaƙin fiye da shekara 50 da 'yan tawayen FARC a 2016, ta sa gyaran mallakar filayen karkara ya zama babi na farko a yarjejeniyar, da alƙawarin raba hekta miliyan 3 da tabbatar da takardun wasu miliyan 7. Cika alƙawarin yana tafiyar hawainiya, kuma a yankunan da aka yi jinkiri ne wasu ƙungiyoyin suka cike gurbin.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu nema daga gwamnoninmu da 'yan majalisunmu, musamman yanzu da aka kafa hukumomin raya shiyyoyi ana kuma ware musu kuɗi. Da farko, kada a sa hannu a kan wani babban aiki, madatsa ce ko gonar gwamnati ko haƙar ma'adinai, sai an zauna da waɗanda zai taɓa, har da na ƙasan kogi da makiyayan da ke zuwa da rani kawai, an kuma biya diyya kafin katafila ta taka ƙasa. Na biyu, kowace ƙaramar hukuma ta sami kwamitin filaye na dindindin wanda doka ta kafa, mai ɗan kasafinsa, da zai shata burtali da mashaya, ya rubuta wa talaka shaidar gonarsa a kan kuɗin da zai iya biya, ya sanar da ranar sakin gonaki a rediyo da kasuwanni. Kuɗin gadar sama guda a babban birni zai riƙe irin waɗannan kwamitoci na jiha sukutum na shekaru. Na uku, a kusanto da shari'a, a sa ido a kan masu cin tarar zalunci, a hukunta ɗan sa-kan da ya kashe mara laifi kamar yadda za a hukunta ɗan bindiga. Na huɗu, duk sulhun da za a yi a fara da waɗanda aka zalunta: gwauruwar da aka kashe wa miji, manomin da aka kora, makiyayin da aka sace wa garke bai rama ba. Idan tubabbe ya sami jari su ba su samu ba, an koya wa yara darasin da ba a so. Na biyar, makaranta da asibitin dabbobi da rigakafi su isa rugage. Hukumar ilmin makiyaya tana nan tun 1989, amma duk wanda ya shiga dazukanmu ya san yara nawa ne suka girma ba su taɓa ganin allo ko alli ba, kuma daga cikinsu ake ɗibar masu riƙe bindiga.

Ku kuma ɗalibai da ke karanta wannan fili, musamman masu nazarin aikin gona da injiniyanci da tattalin arziki, gobe ku ne za ku zana madatsa ku tsara kasafi. Ku saba tun yanzu da tambayar da ba ta cikin littafin lissafi: idan na yi wannan aiki, wa zai samu, wa zai rasa, kuma wanda ya rasa ina zai kai kuka? Masu nazarin shari'a da siyasa kuma su koyi tsawon burtali da lokacin da gero ke nuna, domin a nan ne yawancin ƙararrakin da suka zama yaƙi suka faro.

Da zan tafi, kawu ya rako ni bakin hanya. Na tambaye shi ko zai koma idan an ce gari ya lafa. Ya ce ko gobe, domin kabarin iyayensa na can, kuma bai iya zaman awo ba. Sai ya ƙara da cewa: "Amma ka gaya wa masu karanta takardarku, kada a mayar da mu a zuba mana buhun shinkafa a tafi. A zauna da mu da Fulanin da muka tashi tare, waɗanda su ma aka cinye musu dukiya, a nuna wa kowa iyakarsa, a ba mu wanda za mu kai wa ƙara. In an yi haka, rijiya ko da guga ma ma ja." Na yi masa alƙawarin zan isar, ga shi na isar.

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.